Yadda Na Karanta wa Gwaggo Halinta a Motar Baba

Ko da zan manta duk abin da aka koya mini a sakandare (kuma gaskiya na manta mafi yawansa), ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a da la'asar ba, ina zaune a bayan motar Baba, tsakanin unguwannin Rusaifa da Zahir a Makka. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ba na iya zama wuri ɗaya. Sai in miƙe in hau goge abin da ba shi da datti.

A lokacin ina aji biyu na sanawiyya, wato babbar sakandare, a wata makarantar 'yan mata da ke unguwarmu. A Makka aka haife ni, a nan na tashi. Larabci a makaranta da kan titi, Hausa a gida, in kuma raina ya ɓaci sai in haɗa su duka biyun. Cikin darussanmu akwai wanda ake kira Ilmun Nafs, ilmin halayyar ɗan Adam. Ni da wannan darasi ba mu taɓa jituwa ba. Larabcin ina ji, kowace kalma na san ta, amma in aka jera su cikin jimla sai su zame mini kamar maganar da ake yi a wani ɗaki. In karanta shafi sau uku, in rufe littafin, in tambayi kaina me na karanta, sai in tarar ina tunanin ko akwai sauran shawarma a firij.

A gwajin tsakiyar zango na samu makin da ko Umma ban nuna wa ba. Wadda kuma ta faɗi darasi a jarrabawar ƙarshen shekara, dole ta sake rubutawa a zagaye na biyu, shi kuwa cikin hutu yake faɗowa. A wannan hutun ne Umma za ta tafi da ni Kano karo na farko a rayuwata, in ga kakata ta wajen uwa, wadda muryarta kawai na sani a waya. Baba sau ɗaya ya yi maganar, bai maimaita ba.

"Uwata, in kika faɗi, jirgi zai tashi babu ke."

(Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. In ya faɗe shi da sanyin murya irin wannan, to ba wasa a ciki.)

Saura kwana biyar jarrabawa na shiga wani hali. Babu dabarar da ban gwada ba. Na sayo alƙaluma masu kala na ce zan ja layi a ƙarƙashin abubuwa masu muhimmanci kawai, kafin azahar na mayar da babi guda rawaya tun daga sama har ƙasa. Na yanka kwali na yi ƙananan katuna, tambaya a gaba, amsa a baya, na ɓata wuni ina gyara yankan don su zo daidai, ban karanta ko ɗaya ba. Na hau saman gida da littafi, rana ta koro ni. Na dawo ɗaki, ƙarar masu fasa gini a bayan layinmu ta hana ni sakat. Na zauna a kujera, na koma ƙasa, na kwanta rub da ciki, na miƙe ina zagaya falo ina karantawa da ƙarfi har Umma ta ce in ba ɗawafi nake ba in nemi wuri in zauna, ina sa ta jiri. Shayi kuwa na sha har na rasa adadin kofunan.

Sai na tuna maganar malamarmu, wadda muke kira Abla kamar yadda ake kiran kowace malama a can. A darasinta na ƙarshe ta rufe littafi ta dube mu ta ce, "'Yan mata, kada ku haddace kamar aku. Kowace kalma ku nemo mata misali daga mutanen da kuka sani. Sannan ku faɗa da bakinku, kamar kuna koya wa wani. Abin da kika koyar ba ya guje miki."

Babin da ya fi ba ni wuya shi ne na dabarun da zuciya ke kare kanta da su in gaskiya ta yi mata ɗaci. Sunayensu sun yi kama da juna, kullum sai na rikita su. Ranar Alhamis da na dawo daga makaranta na zauna na ce to, bari in nemo misalai daga mutanen da na sani. Ban ko wahala ba. Ina ɗaga kai na ga ashe babin gaba ɗaya a gidanmu yake zaune.

Bari in gabatar muku da mutanen gidan. Mu muna hawa na biyu, ni da Umma da Baba. Baba direba ne, yana kai wa otal-otal na unguwar Jarwal kayan wanki yana ɗaukowa. A hawa na ƙasa kuwa akwai Gwaggo, yayar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riga kowa zuwa Makka, ita ta yi wa Baba hanya ya zo, ita ta je har Kano ta nemo masa auren Umma. Mijinta ya rasu tun ina firamare, 'ya'yanta biyu suna aure a Jidda. Gwaggo ba ta sallama in za ta shigo mana. Sai dai ka ji ƙarar silifas ɗinta a matakala, tas, tas, tas, sai kawai ka gan ta a kicin ta ɗaga murfin tukunya. Ba abin da ke faruwa tsakanin Hausawan Rusaifa da ba ta sani ba, kuma ba ta da wata magana da ta wuce cewa matan yanzu gulma ta yi musu yawa.

Na kulle ƙofar ɗakina, na ɗauki wayata, na danna wurin ɗaukar murya. Da Hausa na yi, don ta fi zama mini a kai. Har muryar Abla na ara, da irin jan numfashinta kafin ta faɗi abu mai muhimmanci. Na yi minti goma sha biyu ina koyar da bango. Da na gama na saurara sau ɗaya, sai na ji abin ya zauna daram. Karo na farko ke nan da na rufe littafin Ilmun Nafs ina iya faɗin abin da ke ciki. Har rawa na taka a gaban madubi. Na ce wa kaina ashe ni haziƙa ce, hanya ce ban samu ba.

Washegari Juma'a akwai suna a Zahir, 'yar ƙawar Umma ce ta haihu. Na roƙi a bar ni a gida, jarrabawa ranar Lahadi ce. Umma ta fara sassautowa, sai ga tas, tas, tas a matakala.

"Karatun awa biyu ne zai hana ki zumunci?" in ji Gwaggo, tana gyara mayafi. "Mu da ba mu yi bokon ba, ba ga mu a raye ba? Tashi ki sa abaya."

Umma ta ce, "Haka ne, Yaya." Ta juyo ta harare ni kamar ni na kawo maganar.

Na ce ba komai, ai ina da dabara. Na ɗauki wayata da samma'a, wato 'yar igiyar nan da ake sa wa a kunne. Zan yi bitata a mota, in yi a gidan suna, ba wanda zai sani. Gwaggo ta shiga gaba kusa da Baba, ni da Umma muna baya. Gilasai duk a sauke, don mukayyif ɗin motar, na'urar sanyayawa, ya shekara biyu ba ya aiki. Muna fita babban titi muka faɗa cunkoso, motoci sun tsaya cak, ga zafi, ga hon ta ko'ina.

Na zura kan igiyar a waya, na jefa wayar cikin jaka, na cusa samma'ar can cikin kunnuwana, na ɗaure mayafi a kai tamau, na sauke niƙabi. Na laluba cikin jaka na danna, na jingina, na rufe ido.

Abin da ban sani ba shi ne, sabuwar rigar roba da na sa wa wayar tana da kauri, ta hana kan igiyar shiga har ƙarshe. Wato muryar ba ta igiya take bi ba. Ta lasifikar wayar take fita, ni kuwa na toshe kunnuwana da hannuna.

Na ji muryata can nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Na ce wannan samma'a ta fara lalacewa. Na laluba na ƙara sauti. Har yanzu ƙasa-ƙasa. Na ƙara. Na ƙara. Na danne maɓallin har ya kai ƙarshe. Sai na ce yauwa, yanzu ana ɗan ji. Na gyara zama ina gyaɗa kai, ina bin darasin da leɓena.

Abin da ya faru a motar a mintunan nan, daga baya Umma ta ba ni labari, don ni idona a rufe yake. Ga abin da suka ji, da muryata, da ƙarfin da ya ishi masallaci:

"Ɗalibai, ku buɗe kunnuwanku. Na ɗaya, tabriri. Shi ne mutum ya yi abu don wani dalili da yake jin kunyarsa, sai ya ƙirƙiro dalili mai kyau ya jingina da shi. Misali, Baba. Shi da kansa ya kwance mukayyif ɗin mota da sukundireba wai zai gyara, ya kashe shi gaba ɗaya. Kunyar kai wa makaniki yake, kada a tambaye shi wa ya taɓa. Sai ya ce wai sanyin mukayyif yana kawo ciwon gwiwa, iskar Allah ta fi lafiya. Shekara biyu muna dahuwa saboda tabriri."

Umma ta ce Gwaggo dariya ta yi har da buga cinya. Ta juyo ta yi wa Umma alama da hannu kada ta taɓa ni. Baba kuwa ya kafa wa motar gabansa ido kamar bai taɓa ganin lambar mota ba.

"Na biyu, isƙaɗi. Wannan ku riƙe shi da kyau, yana fitowa a jarrabawa. Shi ne mutum yana da wani aibi, ba ya iya kallonsa a jikinsa, sai ya riƙa ganinsa a jikin kowa. Misali, Gwaggo."

Nan Umma ta kai hannu za ta fizge jakata. Gwaggo ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Rabi, kada ki taɓa ta. An ji na ƙanena, a ji nawa."

"Gwaggo tana cewa matan Rusaifa magulmata ne. Amma wa ya gaya mana wadda iƙamarta, wato takardar zaman ƙasa, ta ƙare? Gwaggo. Wa ya gaya mana wadda ta yi yaji ta tafi Jidda? Gwaggo. Wa ya san abin da aka dafa a kowane gida a layinmu? Gwaggo. In kun manta ma'anar isƙaɗi a ɗakin jarrabawa, ku tuna Gwaggo kawai, maki biyu sun shigo."

Ni kuwa ina nan ina gyaɗa kai, har ina murmushi a cikin niƙabi, ina yaba wa kaina iya tsara magana. Na ji Umma ta mintsine ni a cinya. Na ɗauka wuri take so, sai na matsa jikin ƙofa na ba ta fili. (Wannan matsawar, cikin duk abin da na yi ranar, ita ce Umma ta fi daɗewa ba ta yafe ba.)

"Na uku, izaha. Shi ne wanda ya fi ƙarfinka ya ɓata maka rai, ba ka iya mayar masa, sai ka sauke a kan wanda ka fi ƙarfi. Misali, Umma."

Sai na ji an finciko mayafina, an tumɓuke samma'ar daga kunnena na dama.

Ka san in an cire maka samma'a, shiru ya kamata ka ji. Ni ƙara na ji. Muryata ce ta daki kunnena, ta cika motar, tana fita ta tagogi huɗu. Na buɗe ido. Na ga ƙeyar Baba. Na ga gefen fuskar Gwaggo, ba alamar dariya a kai. Na ga idanun Umma ta tsagar niƙabi, kuma ban taɓa ganin sun yi girma haka ba.

Na faɗa cikin jaka da hannu biyu. Ga littafi, ga katunan kwali, ga alƙaluman kala, waya ta shige ƙasa. Da na kamo ta, fuskarta a kulle. Na sa lambar sirri, yatsana ya jiƙe da gumi, ta ce ba daidai ba. Na sake, ta ce ba daidai ba. Duk ilmin da ke kaina bai tuna mini cewa akwai maɓallin rage sauti a gefe ba, wanda da shi na jawo bala'in. Muryar kuwa ba ta jira ni ba, cikin natsuwa take bayani:

"Gwaggo ta hawo ba sallama, ta buɗe tukunya ta ce miya ta yi ruwa. Umma ta yi murmushi ta ce, 'Haka ne, Yaya.' Gwaggo na sauka, sai Umma ta juyo kaina wai ban iya wanke kofi ba. Ni ce nake shan faɗan da ba nawa ba. Umma ma ta taɓa cewa da za a ba ta zaɓi, da ta tashi daga gidan nan ko don ta huta da ƙarar silifas ɗin Gwaggo a matakala."

A nan ne wayar ta buɗe, na kashe. Bayan an gama komai.

Sai wani direban a-kori-kura da ya tsaya dab da mu, ashe Bahaushe ne, ya leƙo da kansa ya ce, "Allah ya ƙara ilmi, malama!" Hanya ta buɗe, ya ja motarsa yana dariya.

Ba wanda ya ce uffan har Zahir. Na yi ta addu'a a raina Allah ya sa wani ya zage ni, ko a mare ni, ko Baba ya tsaya ya ce in sauka in tafi a ƙasa. Ba wanda ya yi. Gwaggo ta ciro carbi tana ja. Umma ta juya tana kallon titi, ina ganin hannunta yana murza bakin abaya. Ni kuwa na rasa inda zan sa ƙafafuna. In na ɗora ɗaya kan ɗaya in sauke, in na sauke in sake ɗorawa.

A gidan suna Gwaggo ta zauna a wancan ɓangaren falo, Umma a wannan. Aka miƙo mini jaririya, na karɓa na ce Allah ya raya shi. Aka ce mace ce. Na ce Allah ya raya su. Shinkafar da aka zuba mini ko cokali uku ban ci ba.

Da muka dawo gida Gwaggo ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Muna hawa sama Umma ta cire niƙabi, na ga ashe kuka ta yi. Na zaci faɗa za ta yi, irin wanda na saba. Sai ta ce a hankali, "Maganar da na yi a gabanki don ke 'yata ce, ita kika kai kasuwa? Matar nan ita ta riƙe ni lokacin haihuwarki, ba uwa ba dangi a kusa. Yanzu da wane ido zan kalle ta?"

Baba kuwa abu ɗaya ya ce, yana cire takalmi: "Uwata, ba sukundireba ba ce, filaya ce." Ya shige ɗaki.

Ranar Asabar ba a ji silifas a matakala ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin wuni irin wannan ba. Umma ta dafa abinci, ba wanda ya ɗaga murfin tukunya. Ta leƙa matakala ya fi sau biyar, wai shara take dubawa. Ni kuma na kasa karatu, na kasa barin karatu. In buɗe littafi in ga kalmar isƙaɗi sai in rufe shi. Na ɗauki waya zan goge muryar, na tuna ita kaɗai ce abin da na iya a duk littafin, na ajiye. Na sauka matakala har rabi zan ba Gwaggo haƙuri, na ji motsinta a ciki, na komo da gudu. Sau uku ina yin haka.

Lahadi da safe aka raba takardu. Tambaya ta huɗu: ki bayyana ma'anar isƙaɗi, tabriri da izaha, ki kawo misali ga kowanne. Na dubi takardar, na ji dariya da kuka sun taho mini tare. Alƙalamina bai tsaya ba. Na rubuta "wani mutum yana da mota", na rubuta "wata mata a wata unguwa", na rubuta "wata uwa da 'yarta". Ban taɓa amsa tambaya da sauƙi haka ba, ban kuma taɓa jin kunyar amsa irin wannan ba.

Daga makaranta ban hau sama ba. Da jakata da komai na tsaya a ƙofar Gwaggo na yi sallama, don na san in na hau ba zan iya saukowa ba. Na same ta a ƙasa kan darduma, tana tsince busasshiyar kuɓewa a faranti. Na durƙusa na fara jero ban haƙurin da na shirya a hanya. Ta ɗaga mini hannu.

"Kawo wayar. Sa mini daga farko."

"Gwaggo, don Allah..."

"Na ce ki sa."

Na sa. Na zauna a gabanta minti goma sha biyu ina sauraron kaina. In akwai hukuncin da ya fi wannan, ban san shi ba. Ita kuwa tana tsintar kuɓewarta, ba ta ɗago ba sai da muryar ta yi shiru.

"Shi wannan isƙaɗin, cuta ce?"

"A'a, Gwaggo. Littafin ya ce kowa yana yi."

"Yana da magani?"

"Wai mutum ya gane yana yi."

Sannan ta ture farantin gefe ta ce, "Gulma dai ina yi, ba zan yi miki musu ba. Ba ita ce ta hana ni barci ba. Maganar matakala ce." Ta nuna ɗakin da hannu. "Tun da Malam ya rasu, ba mai magana a ɗakin nan sai firij. In na ji ƙamshin girkin uwarki sai in hau. To in na hau me zan ce? In ce na zo ne don ɗakina ya yi mini faɗi? Sai in ce miya ta yi ruwa. Ni a zatona wata rana za ta ce, to Yaya zauna ki ɗanɗana ki gyara mana. Ita kuma kullum sai ta ce haka ne." Ta dube ni. "A littafin naku, me ake ce wa wannan?"

Na ce ban sani ba. Kuma da gaske ban sani ba.

Ta jawo farantinta ta ci gaba da tsinta. Na ɗauka an gama, na yunƙura zan tashi.

"Zauna. Na ji na ubanki, na ji na uwarki, na ji nawa. Saura tambaya ɗaya. Yarinyar da ta kulle ɗaki ta zauna ta tsefe mutum uku da ba sa wurin, har da ɗaukar murya, sannan ta ce Gwaggo ce magulmaciya, ita a wane babi take?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Isƙaɗi ne, Gwaggo."

"Maki biyu," in ji ta. "Tashi ki ba ni wuri."

Na hau sama na faɗa wa Umma duk abin da Gwaggo ta ce, ban rage ba, ban ƙara ba (na koyi wannan aƙalla). Umma ta koma kicin. Can bayan la'asar na ga ta zuba miya a kwano, ba tuwo, ba komai, miya zalla da cokali a ciki, ta sauka da kanta. Ta daɗe a can. Ban san me suka ce wa juna ba, kuma karo na farko a rayuwata ban laɓe na saurara ba.

Ba zan ce muku sun zama aminai ba. Gwaggo ta ci gaba da ɗaga murfin tukunya. Sai dai yanzu tana sallama tun daga tsakiyar matakala, Umma kuma in an ce miya ta yi ruwa sai ta miƙa mata ludayi. Wani lokaci su yi dariya, wani lokaci in ga Umma ta cije leɓe. Faɗan wanke kofi dai ya ragu, ko da yake bai ƙare ba, don gaskiya ban iya wanke kofin ba.

Baba ya kai motar wurin makaniki bayan sati biyu. Ya ce mana ba don komai ba ne, saboda hawan jinin Yaya ne. Ni da Umma muka kalli juna.

Na ci jarrabawar, da maki mafi kyau da na taɓa samu a darasin, na kuma je Kano. Gwaggo kuwa ta riƙe kalmar nan ta mayar da ita tata. Mai kanti ya ba ta burodin jiya, isƙaɗi. Jikarta ta ƙi gaishe ta, isƙaɗi. Har matan layinmu suka ɗauka wani sabon zagi ne na Larabawa.

Yanzu in ƙannen ƙawayena suka tambaye ni yadda ake karatun Ilmun Nafs, gaskiya nake gaya musu. Shawarar Abla tana aiki: ki nemo misali, ki faɗa da bakinki. Amma misalin ki fara nemansa a jikinki, za ki tarar babin duka yana nan, kuma ke kaɗai ce ba za ki yi fushi ki rufe ƙofa ba. In kuma kika sa abu a kunne kika ji murya ƙasa-ƙasa, kafin ki ƙara sauti, buɗe ido ki kalli fuskar mahaifiyarki.